Idan Aka Harbe Maigida, Wa Zai Ciyar da Mai Jego?

   

A fitowar da ta gabata na yi muku alkawarin ci gaba da bayani a kan hukunce-hukuncen shayarwa. Ku yi mini afuwa, na ɗage shi zuwa wata mai zuwa in Allah ya kai mu, domin wani abu ya faru a makarantarmu wanda ya tsaya mini a rai, na ga ba zan iya wuce shi ba.

Ranar wata Asabar da safe ina cikin biya wa yara hadda, sai na lura 'yan layin baya sun haɗa kai suna ƙus-ƙus. Da na matsa, sai ga wani yaro, bai wuce shekara goma sha ɗaya ba, ya ɓoye mushen tsuntsu a cikin jakar littattafansa. Cilakowa ce, ya harbo ta da danƙo a hanyarsa ta zuwa makaranta. Na tambaye shi yadda aka yi ya same ta. Ya ce ai ba ta da wuyar harbi, kullum takan zo ta maƙale a jikin wata tsohuwar tsamiya, riƙe da fara a baki, tana tura bakin cikin wani ɗan tsagi. Yana faɗin haka gabana ya faɗi, saboda tun muna kwaleji na san ma'anar wannan tsagin. Namijin ya harbo, kuma matar tana ciki a toshe.

Zan dawo kan yadda muka ƙare da yaron. Amma a dalilinsa na koma na tono abin da na sani game da dangin wannan tsuntsuwa, har na faɗa kan labarin wata babbar yayarta da ke can nesa da mu, wadda ake neman ƙarar da irinta daga doron ƙasa ta irin hanyar da ɗalibina ya bi. Labarinta nake son ba ki yau, uwargida.

Cilakowa tana da dangi wajen iri 60, a Afirka da Asiya da wasu tsibirai da ke gabas da Asiyar. Burtu ma da kika sani ɗan uwanta ne. Ita wadda nake magana a kanta tana zaune ne a cikin kurmi mai duhu, inda ruwan sama ba ya yankewa, a tsibiran Borniyo da Sumatara, da zirin ƙasar Maleshiya, har zuwa kudancin Tailan da kudancin Miyanma. Mutanen Indunusiya suna ce mata "rangkong gading", kalmar ta biyu kuwa haure take nufi. Ni dai a nan zan riƙa ce mata cilakowa mai kwalkwali.

Kada ki auna ta da 'yar tamu. Tsawon jikinta yakan kai santimita 110 zuwa 120, ga wasu dogayen gashin wutsiya guda biyu da ke ƙara mata wajen santimita 50, wato idan aka shimfiɗe ta daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ta kai tsayin mace matsakaiciya. Namijin yakan yi kilo 3 da 'yan kai. Wuyansu babu gashi, fata ce mai tamoji-tamoji, ja a wurin namiji, mai ruwan shuɗi-shuɗi a wurin mace. Ba za ki kalle ta ki ce kyakkyawa ce ba, amma za ki yi tasbihi.

Abin da ya jawo mata masifa yana bisa kanta. Da yawa daga danginta suna da wani tudu a saman baki, amma nasu holoƙo ne, cikinsa kamar soso, babu nauyi. Nata kuwa cike yake dam ta gaba, har yakan kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinta. Abin da aka halicci farcenki da shi, da ƙahon saniya, shi ne dai aka halicci wannan kwalkwalin da shi. Asalinsa rawaya ne. Jan da ake gani a jikinsa ita ce take shafa wa kanta, daga wani mai da ke fitowa a gindin wutsiyarta, tana goga kai a wurin kullum har ya rine. Kin ga ashe ƙunshi ba mu kaɗai muka iya shi ba.

Kukanta ma abin ji ne. Tana farawa a hankali, "huu, huu", da tazara tsakani, sai ta riƙa ƙara sauri, ta riƙa ƙara sauri, daga ƙarshe ta ɓarke da wani abu kamar ƙyalƙyatar dariyar mutum, ana jiyo shi daga nesa ƙwarai. Saboda haka ne Malayawa suka laƙaba mata wani suna mai nufin "sare suruka". A tatsuniyarsu, wai wani mutum ne ya ƙullaci uwar matarsa, gidajensu kuwa a kan dirkoki ake ɗora su, sai ya ɗauki gatari ya yi ta saran dirkokin har gidan ya rufta, shi kuma ya fashe da dariya, sai aka mayar da shi tsuntsu. Wai har yau saran gatarin da dariyar ake ji. Tatsuniya ce ba ta da asali, amma da na ji ta sai da na murmusa, na ce ashe rigimar surukai ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba.

Shi kwalkwalin kuma yana da aikinsa. An sha ganin maza biyu sun taso daga itatuwa daban-daban sun yi karo da kai a sararin sama, kamar raguna, ƙarar tana amsa kuwwa a cikin kurmi. Galibi a kusa da itacen ɓaure mai 'ya'ya ake wannan karon, domin 'ya'yan ɓaure su ne mafi yawan abincinsu. Dangin ɓaurenmu ne da durumi da ceɗiya da gamji, sai dai na can sun fi yawan iri.

To yanzu ki gyara zama, domin mun zo inda ya fi taɓa mu mata.

Namiji da mace guda suke zama tare. Idan lokacin ƙwai ya yi, sai su nemi kogo a jikin itace. Ba su iya fafe itace da kansu, dole sai sun sami kogon da ya samu da kansa, a wani ƙaton itace da ya tsufa, can sama. Kuma ba kowane kogo ba. Saboda nauyin kai da tsawon wutsiya, namijin ba ya iya maƙalewa a jikin itace kamar yadda 'yar cilakowarmu take yi, sai kogon ya zama yana da wani ƙullutu ko guntun reshe a bakinsa inda zai sauka. Irin wannan ɗaki kuwa ba ya samuwa sai a itacen da ya daɗe ƙwarai a duniya. Masu neman gidan haya a birni za su fahimci wannan wahalar.

Idan an dace da ɗaki, sai matar ta shiga, a toshe ƙofar da laka da dusar 'ya'yan itace da kashinta, a bar ɗan tsagi daidai inda baki zai shiga. Cakuɗin yana bushewa ya yi tauri. Biri ba zai zura hannu ya ɗauki ƙwai ba, sauran masu farautar sheƙa ma ƙofa ta rufe musu. A nan za ta yi ƙwai, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta yi reno. Ɗa ɗaya tak take fitarwa. Zaman nan yakan kai wata biyar, ba ta fita ko sau ɗaya. Tsafta kuwa ba ta wasa da ita, idan za ta yi kashi juyawa take ta saita tsagin ta harba shi waje. A iri da yawa na danginta ma, macen tana zubar da gashin fukafukanta a lokacin wannan zaman, ta yadda ko an buɗe mata ƙofa ba za ta iya tashi ba sai sabo ya fito.

Duk tsawon watannin nan, ko ƙwayar ɓaure ɗaya ba ta shiga cikinta sai ta bakin mijin. Shi zai yi ta kai-kawo tun safe, ya cika maƙogwaro da 'ya'yan itace, ya zo ya sauka a bakin kogo, ya riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa mata ta tsagin. Wani lokaci ya haɗo da ƙadangare ko ƙwaro, musamman bayan an ƙyanƙyashe. Mu nan jegon kwana arba'in muke yi, da ungozoma da mai dama kunun kanwa da 'yan barka, amma duk da haka kin san yadda gida yake zama idan maigida ya yi tafiya bai bar komai ba. Ita ba ta da uwa kusa, ba ta da maƙwabciya, ba ta da mai aike.

Na san abin da wasu za su ce, don da na ba da labarin nan a ɗakin malamai, wani malami cewa ya yi, "Kun ji ko, har tsuntsaye ma kulle suke yi!" Na ce masa, Malam, ba a ciro hukuncin shari'a daga tsuntsu, in kuwa za a ciro, to burtu ɗan gidansu ne kuma matarsa ba ta toshe ƙofa. Sannan duk mai son kafa hujja da zaman matar, sai ya haɗa da zirga-zirgar mijin, wanda bai taɓa dawowa hannu rabbana ya ce kasuwa ta ƙi ba. Aka yi dariya aka bar zancen.

Yanzu ki tambayi kanki, me zai faru idan aka harbe shi? Matar tana ciki tana jiran ƙarar fukafukansa, ba zai zo ba. Galibi ita da ɗan duka yunwa ce take kashe su a cikin kogon. Harsashi ɗaya, rai uku. Kuma tun da ɗa ɗaya ake samu bayan wahalar rabin shekara, giɓin da aka yi ba ya cikuwa da wuri. Kaza ce za a yanka goma a sami ashirin kafin damina ta dawo, ita wannan ba haka take ba.

Me ake nema a jikinsa har ake wannan ta'asa? Kwalkwalin nan dai. Yana sassaƙuwa cikin sauƙi, ya fi hauren giwa laushi, ga launin rawaya da ja mai ɗaukar ido. Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce ake kai shi ƙasar Sin, a zamanin sarakunan gidan Ming ma har kan ɗamara ake yi wa manyan fada da shi, daga baya aka riƙa yin 'yan kwalaben zuba garin taba. Cinikin ya yi sanyi na wani dogon lokaci, kuma tun 1975 yarjejeniyar duniya ta CITES, mai kula da fataucin namun daji, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Sai ga shi wajen 2011 zuwa 2012 kasuwar ta sake tashi, sababbin masu kuɗi suna neman duwatsun wuya da abin hannu da 'yan gumakan ado na abin da suke kira jan haure, har kuɗinsa ya zarce na hauren giwa idan aka auna nauyi da nauyi.

Wani mai bincike ɗan Indunusiya, Yokyok Hadiprakarsa, ya bi ƙauyukan lardin Kalimantan ta Yamma a tsibirin Borniyo, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2013 kaɗai an kashe wajen 6,000 a can, wato kimanin 500 kowane wata. Abin takaicin, wannan tsuntsuwar ita ce tambarin lardin. Daga watan Maris na 2012 zuwa Agustan 2014, kawuna 2,170 jami'ai suka kama a Indunusiya da Sin, kuma kin san abin da ake kamawa bai kai abin da ya sulale ba. Saboda haka a 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta ɗauke ta daga matakin waɗanda ake ɗan jin tsoro a kansu, ta tsallake matakai biyu, ta ajiye ta a matakin waɗanda ke bakin ƙarewa. Ba kasafai ake irin wannan tsallaken ba.

Maharban ba sa shan wahalar nema. Sun san duk inda ɓaure ya nuna can tsuntsayen za su taru, sai su laɓe a ƙarƙashi. A cikin duhun ganye ba sa tsayawa tantancewa, duk babbar cilakowar da ta gifta harbi ne, har da irin da kansu ba shi da kasuwa. Wanda ya harba talaka ne, abin da ake ba shi kaɗan ne, ribar tana hannun dillalai da masu safara. Su yanke kai su tafi da shi.

Bayan bindiga kuma ga zarto. Manyan itatuwan da ke da irin kogon da take so su ne masu katako suka fi so. Inda aka share kurmin kuma, yawanci gonakin kwakwar manja ake yi, domin Indunusiya da Maleshiya su ne suke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya. Itacen kwakwar nan asalinsa na nan Afirka ta Yamma ne, daga nan aka kai shi can. Gonar kwakwa kore ce shar idan an hango ta daga sama, amma babu ɓaure a cikinta, babu kogo.

Wata za ta ce, to Malama, tsuntsu ne fa, in ya ƙare mene ne? Ki sani masana suna kiran waɗannan tsuntsaye manoman kurmi. Suna haɗiye 'ya'yan itace, su tashi su yi nisa, su zubar da irin a wani wuri, ko ta baki ko ta kashi. Akwai itatuwa masu manyan ƙwallaye da ƙananan tsuntsaye ba sa iya haɗiyewa, sai irin waɗannan masu faɗin baki. A gandun dajin Dja da ke Kamaru, masu bincike sun ɗaura wa wasu manyan cilakowar kurmi na'ura, suka ga akwai wadda ta yi tafiyar kilomita 290. Irin da ya faɗi a gindin uwarsa ba ya cika yin rai, inuwa da ƙwari sukan kashe shi. Idan mai kai shi nesa ya ƙare, kurmin zai ci gaba da tsayuwa na wasu shekaru kamar babu abin da ya faru, alhali ya daina haihuwa.

Mu Musulmi kuma muna da dalilin da ya fi wannan. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Maɗaukakin Sarki ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu, da Manzon Allah (SAW) ya gani sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Akwai kuma wani hadisi a wurin Nasa'i da ke nuna za a tambayi wanda ya kashe ko da ɗan ƙaramin tsuntsu ba da haƙƙi ba, aka fassara haƙƙin da cewa a yanka a ci, kada a cire kai a jefar. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ƙarfin isnadinsa, wasu sun inganta, wasu sun raunana, amma duk sanda na tuna da shi sai na tuna gawarwakin nan marasa kai a ƙasan kurmin Borniyo.

Malaman can ma ba su yi shiru ba. A watan Janairun 2014 Majalisar Malamai ta Indunusiya ta fitar da fatawa mai lamba 4 ta wannan shekarar, wadda ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba. Fatawa ba ta ɗaure mutum a kurkuku, amma a ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, abin da liman ya faɗa ranar Juma'a yakan isa inda ɗan sanda bai isa ba. A 2016 taron ƙasashen CITES da aka yi a Johannasbag ya zartar da ƙuduri na musamman a kan wannan tsuntsuwa, aka kuma tsara shirin ceto na shekara goma daga 2018 zuwa 2027.

Amma labarin da ya fi kwanta mini a rai na wata mata ce 'yar Tailan, Farfesa Pilai Poonswad, malamar jami'ar Mahidol, wadda ta fara nazarin waɗannan tsuntsaye tun 1978. A 1994 ta nufi tsaunin Budo a can kudancin ƙasar, yankin da mafi yawan mutanensa Musulmi ne Malayawa. Ta tarar mazan ƙauyukan suna hawa itatuwa suna fasa kogo, suna kwashe 'ya'yan su sayar wa masu kiwon tsuntsaye a birni, domin kuɗin ɗa guda yana toshe wa talaka babbar kafa. Ba ta zo musu da 'yan sanda ba. Ta zauna da su, ta nuna musu cewa in aka ci gaba a haka jikokinsu sai dai su ji labari, sannan ta yi abin da ya fi wa'azi wuya, wato ta nemo musu abin da zai maye gurbin kuɗin. Aka buɗe wani tsari inda iyali a birni za su ɗauki nauyin sheƙa guda, su biya kuɗi duk shekara, a ba mutumin ƙauye ya yi gadinta, ya rubuta abin da namijin ya kawo da ranar da ɗan ya fita, ya gyara kogon idan ya lalace. Wa ya fi tsohon mai kwasar 'ya'ya sanin inda kowace sheƙa take? Ɗaruruwan 'ya'ya suka tashi lafiya ta wannan hanya, ita kuma aka ba ta lambar yabo ta Rolex a 2006. Ba Musulma ba ce, amma ta gane abin da mu masu wa'azi muke yawan mantawa, cewa mai jin yunwa ba ya jin "bari" sai an haɗa masa da "ungo".

An yi makamancin haka a jihar Arunacal Faradesh ta Indiya, inda mazan ƙabilar Nyishi ke ɗora bakin wata babbar cilakowa a hular gargajiya. Aka ƙera musu na roba mai kama da na gaske suka karɓa, daga 2012 kuma su ma suka shiga gadin sheƙa a kewayen gandun Pakke.

Wannan ya tuna mini da maharbanmu. Duk wadda ta tashi a karkara ta san kan burtu da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya duƙa yana tafiya yana gyaɗa kai har ya kusanci nama. Wasu da kan tsuntsun na gaske suke yi, wasu kuwa da itace suke sassaƙawa su rufe da fata su yi masa ado da idon zakara, kuma aikin ɗaya yake yi. Shi kansa burtun tun 2018 aka sa shi cikin jerin masu rauni. Ki tambayi tsofaffin garinku yaushe rabon da su ji gurnaninsa da asuba a bayan gari. A kudancin ƙasar nan ma, a kurmin Kuros Riba da na Okomu a jihar Edo, akwai manyan cilakowar kurmi masu toshe ƙofa kamar ta Borniyo, su ma sare daji da farauta sun rage su.

Ba na zaton akwai mai karanta wannan mujalla da ke da jan haure a cikin akwatinta. Sai dai in maigida ko ɗan uwa yana fatauci zuwa Sin, a gaya masa kada ya karɓi saƙo ko tsarabar abin da aka sassaƙa da haure kowane iri ne, domin ɗaukarsa a ƙetare iyaka laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Namu aikin ya fi kusa da haka, yana cikin aljihun wandon 'ya'yanmu.

Danƙo nake nufi. Muna ganin yaro ya fita da shi ba ma cewa komai, wai wasa ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Annabi (SAW) ya hana jifa da 'yan tsakuwa, ya bayyana cewa abin da take yi shi ne fasa ido da karya haƙori. Wace unguwa ce ba ta da labarin yaron da ya rasa ido ta haka? Muslim kuma ya ruwaito yadda Abdullahi ɗan Umar ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya tsawatar musu ƙwarai, ya sanar da su cewa an la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. Sannan ga hukuncin da yara da yawa ba su sani ba, har da wasu iyayen: tsuntsun da dutse ya buge ya mutu kafin a yanka shi mushe ne, yana cikin abin da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Farauta halal ce, ba na musun wannan, amma tana da sharuɗɗa, kuma mafi yawan abin da yaranmu ke gasawa a bayan gida bai cika su ba.

Sai tsofaffin itatuwa. Idan ana shawarar sare tsamiya ko ɓaure ko kukar da ke gona don a yi gawayi ko a faɗaɗa fili, ki sa baki, ko da za a ce ba huruminki ba ne. Itacen da ya yi kogo a idonmu ya gama amfani, a wurin cilakowa da mujiya da zuma kuwa sai a lokacin ya zama gida. In dole ne a sare, a duba ko akwai mai ciki, a jira ta fita.

Shi ɗalibin nawa ban doke shi ba, ban kuma bari a dake shi ba, domin bai sani ba, kuma laifin rashin sanin namu ne. Bayan an tashi, muka tafi da shi da wani malami da 'yan ajin har gindin tsamiyar. Tsagin yana can sama kaɗan da tsayin mutum, bai fi faɗin yatsa ba. Muka yi tsit. Can sai ga ɗan bakin tsuntsuwa ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Yaron ya dube ni ya ce, "Malama, shi take jira?" Na ce, shi take jira. Sai ya fashe da kuka.

Shi da abokansa suka ɗauki nauyin kamo fara suna soka ta a tsinke suna miƙawa ta tsagin, safe da yamma. Ranar farko ta ƙi karɓa, rana ta biyu ta karɓa. A rana ta huɗu suka tarar ta fasa toshiyar ta fita, ta bar ƙwai huɗu a ciki sun yi sanyi. Danƙon yana cikin durowar teburina, shi ya kawo mini da kansa.